Mahaifina ya rikice da tsakar rana, an ce iska ce, an hana ni jiƙa shi da ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, likita. Mahaifina ya haura shekara 70 kuma yana shan maganin hawan jini kowace safiya. Ranar Laraba da ta wuce an ɗauke wuta tun da hantsi, bayan azahar muka same shi a ɗakinsa yana sambatu, bai ma gane ni ba, jikinsa zau kamar garwashi amma babu ko ɗigon zufa. Maƙwabta suka ce iska ce ta taɓa shi, aka rufe ƙofa, aka lulluɓe shi da bargo, aka yi masa turare. Da na ɗebo ruwa zan jiƙa shi, gwaggona ta riƙe mini hannu ta ce idan ruwa ya taɓa jiki mai zafi haka, ɓarin jikin mutum shanyewa yake yi. Wani mai allura na unguwa ya zo ya yi masa allura biyu. Sai bayan magariba hankalinsa ya dawo, amma har yau fitsarinsa kaɗan ne kuma ja. Hankalina ya kasa kwanciya, ga shi zafin bai ma kai tsakiya ba. Me ya same shi, kuma me zan yi idan ya sake faruwa? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komai, ki kai shi asibiti yau ɗin nan, kada ki jira gobe. Dawowar hankalinsa ba ta nufin an gama, domin fitsari kaɗan kuma ja bayan irin wannan rikicewa alama ce ta cewa ƙoda ta wahala, kuma ƙodar tsoho mai hawan jini ba ta da juriyar ta saurayi. A auna masa ƙoda da suga, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ki tafi da kwalayen magungunansa duka, sannan ki nemi mai allurar nan ya faɗa miki sunan abin da ya zuba masa a jiki.

Ban ga Baba da idona ba, amma abin da kika zana ya yi daidai da bugun zafi, wato yanayin da zafin cikin jiki yake haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Duk abubuwan da ke kawo shi sun taru a ɗakin nan. Daga Maris zuwa Mayu, wucewar digiri 40 da rana abu ne na yau da kullum a Maraɗi, kuma ɗakin kwano marar silin yana riƙe zafi fiye da tsakar gida. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, zufarsa ma ta ragu, kuma wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari irin su Lasilix, suna ƙara zuƙe ruwan jiki. Kada ki dakatar masa da magani da kanki saboda na faɗi haka. Likitan da ya rubuta shi ne zai duba ko ya kamata a rage a wannan lokaci.

Yanzu bari in tsaya kan maganar gwaggonki, domin ita ce maganar da nake ji kusan kullum a bazara, kuma ita ce take ɗaukar rayukan da da bokiti ɗaya na ruwan randa za a iya cetowa da iznin Allah. Na san gwaggo ba ta nufin sharri, abin da ta tashi ta ji manya suna faɗa ne, amma babu gaskiya a cikinsa ko kaɗan. Ruwa ba ya shanye jikin kowa. Shanyewar ɓarin jiki tana zuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ruwan da aka zuba a fata ba shi da hanyar zuwa can. Abin da yake faruwa shi ne, a wasu lokuta mutum yakan faɗi saboda shanyewar jiki tun farko, a yayyafa masa ruwa don ya farfaɗo, daga baya a ga hannu da ƙafa ba sa motsi, sai a ɗora wa ruwan laifi. Daga nan magana ta bi gari, kaka ta faɗa wa jika, har ta zama kamar doka.

Jikin ɗan Adam hanya ɗaya babba yake da ita ta fitar da zafi idan iskar waje ta fi shi zafi, ita ce zufa ta fito ta bushe a kan fata ta tafi da zafin, kamar yadda randa take sanyaya ruwa saboda tsattsafowar da take yi. To mutumin da zufarsa ta ƙafe, wannan hanya ta toshe masa, saura kawai a ara masa zufa daga waje, wato a jiƙa shi a yi masa fifita. Ki duba abin da aka yi wa Baba: an rufe ƙofa an hana iska shiga, an sa bargo an hana zafin fita, sannan aka kawo kaskon garwashi aka ƙara wuta a kan wuta, ga hayaƙi yana shiga huhun mutumin da numfashinsa ya riga ya yi sama. Masu lulluɓawa sukan ce wai don ya yi zufa ciwon ya fita. Ta ina zufar za ta fito a jikin da ruwansa ya ƙare?

Ba zan manta da wani dattijo da aka kawo mana a adaidaita wata ranar la'asar ba. 'Ya'yansa uku suna riƙe da shi, yana naɗe cikin bargo biyu da rawani, ƙamshin turare ya cika ɗakin tun kafin a kwantar da shi. Da na sa hannu a ƙirjinsa sai da na janye, leɓɓansa sun tsattsage, harshensa ya bushe kamar ƙirgi. Na tambayi lokacin da abin ya fara, suka ce tun kafin azahar. Awa huɗu yana dahuwa a hannun mutanen da suka fi kowa sonsa, alhali randa tana nan cike a ƙofar ɗakin. Muna cire bargon muna kwara masa ruwa, babban ɗan yana roƙonmu mu bari kada jikinsa ya shanye. Irin wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin a bugun zafi abin da ake nema shi ne a sauke zafin cikin rabin awa na farko, kuma duk mintin da ya wuce ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda ne suke biya.

Maganar iska kuma, ni Musulmi ne, ban hana kowa addu'a ko tofi ba. Amma sambatu da rashin gane mutane da fizge-fizge su ne ainihin abin da ƙwaƙwalwa take yi idan ta yi zafi, ko suga ya faɗi, ko sanƙarau ya kama mutum, wanda shi ma wannan lokaci na zafi da ƙura ne lokacinsa. A yi addu'a baki na karantawa hannu na zuba ruwa, ɗaya ba ta hana ɗaya. Hadisi ingantacce ya zo cewa zazzaɓi daga hucin Jahannama yake, a sanyaya shi da ruwa, kuma an yi umarni a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta. Ban san inda muka samo addinin da ya ce a rufe mai zafin jiki da bargo ba. Rubutu ko wani ruwa kuwa, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa, domin zai tafi cikin huhu, ya shaƙe shi.

Su kuma masu allurar unguwa da masu tallar magani a faranti, Allah ya shirye su. Duk jikin da ya yi zafi a wurinsu zazzaɓin sauro ne ko taifot, ba gwaji ba awo. Farasitamol ba ya sauke bugun zafi, domin zafin daga waje ya shigo, ba irin na zazzaɓi ba ne, kuma yana iya ƙara wa hanta nauyi. Allurar rage ciwo ta diklofenak da 'yan'uwanta kuwa a jikin da ruwa ya ƙare kai tsaye ƙoda suke bugu, shi ya sa nake son a san abin da aka yi wa Baba. Mu ma ma'aikatan lafiya ba mu kuɓuta ba, domin na sha ganin irin wannan majinyaci zaune a benci ana jiran a yanki tikiti. Idan kin isa, kada ki bi layi, ki faɗa da ƙarfi a ƙofa cewa tsoho ne zafi ya buge kuma hankalinsa ya gushe.

Kada a ɗauka abu ne ƙarami. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu kacal, da yawansu tsofaffi. Yankinmu ɗaya da su, gidajenmu iri ɗaya ne.

Idan ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, ki fito da shi inuwa inda iska take kaɗawa, ki cire masa riga da hula, ki kwara masa ruwa a jiki duka, ko ki jiƙa zane ki shimfiɗa masa kina sake jiƙawa, wani na yi masa fifita ba tsayawa. Idan an samu ƙanƙara a naɗe ta a tsumma a sa a wuya da hammata da matsematsi. A kwantar da shi ta gefe saboda amai. Ana cikin haka wani ya tafi neman mota, kuma a ci gaba da jiƙa shi a hanya har asibiti. Idan wuyansa ya sandare, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ki faɗa wa likita tun daga ƙofa.

Kafin damina ta sauka kuwa, kada Baba ya sake yin tsakar rana a ɗakin kwano. Rumfar zana ko gindin bedi da aka yayyafa wa ruwa sun fi masa. Kada ki jira ya nemi ruwa, ki riƙa miƙa masa kofi a kai a kai, da fura mai ruwa-ruwa ko kunun tsamiya, sai dai idan likita ya taƙaita masa sha saboda zuciya ko ƙoda. Fanka kaɗai idan ɗaki ya wuce digiri 40 iska mai zafi take hurawa, sai an haɗa da jiƙaƙƙen zane. Ki fi sa ido a ƙarshen Mayu, lokacin da hadari yake haɗuwa bai zuba ba, domin a lokacin zufa ba ta bushewa kuma dare ma ba ya sanyi. Launin fitsarinsa shi ne ma'auninki: idan ya yi fari-fari ruwa ya isa, idan ya yi duhu a ƙara. Yau idan za ku tafi asibiti, ki roƙi gwaggo ta raka ku, ta ji bayanin daga bakin likita da kunnenta, domin ita ce take gida a lokacin da ke ba kya nan.