Furen hannu na adon bango: takarda ko yadi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ƙungiyarku ta mata za ku yi furanni da hannu ku ƙawata bangon makarantar unguwa, kina tambaya takarda ta fi ko yadi. Gaskiya in dai a waje za a kafa ku manta da takarda, ruwan farko na damina kalar za ta zube.

Ku bi shagunan teloli ku roƙi ƙyallayen da suke zubarwa, da yawa kyauta za su ba ku. Satin da yadin net sun fi daɗin aiki saboda roba ce a jikinsu, ki yanka su zagaye manya da ƙanana kamar guda 5 ko 6 ga kowane fure, sai ki kara bakin kusa da wutar kyandir, kusa fa na ce ba ciki ba, zai ɗan narke ya lanƙwashe da kansa kuma zaren ba zai ƙara warwarewa ba. Ki jera su ƙaramin a sama ki ɗinke tsakiya da maɓalli ko dutsen kwalliya. Atamfa mai auduga ita ba ta narkewa, kamawa da wuta take yi, sai dai ki bi bakinta da allura ki ja zaren ta tattare.

Kada ku dogara da gam, zafin watan Afrilu sakinsa yake yi. Ku ɗinke furannin a jikin raga ko buhu sannan a kafa da ƙusa, in ƙurar hunturu ta cika su a sauke a kakkaɓe. In da yara a aikin a ba su yanka da jerawa, wajen kyandir kam manya kawai.