Me ya haɗa ƙirga kuromosom da adana dangin wake na daji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin tsirrai, kuma ina ganin masu bincike suna ɗaukar dogon lokaci wajen ƙirga kuromosom na tsirran daji dangin wake da gyaɗa. Idan manufar ita ce a hana su ƙarewa, ashe killace daji da tara irinsu a rumbu bai wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Killace daji da tara iri duk wajibi ne, sai dai wannan dangi yana da jinsi kusan 20,000, kuma ba za a iya ba kowanne kulawa iri ɗaya ba, don haka dole a san abin da ake adanawa da amfanin da zai yi. Kuromosom su ne zaren da ke cikin ƙwayar halitta, masu ɗauke da gadon tsiro. Ana yanko kan saiwa mai tsirowa, a rina ta, a matse ta a kan gilashi, sannan a ƙirga su ta madubin ƙara girma. Wake yana da 22, waken suya kuwa 40.

Gyaɗa ce ta fi nuna amfanin aikin. Wadda ake nomawa tana da kuromosom 40, alhali yawancin 'yan'uwanta na daji a Kudancin Amurka 20 gare su, domin ta samo asali ne daga barbarar jinsi biyu, Arachis duranensis da Arachis ipaensis, waɗanda kuromosom ɗinsu suka haɗu suka ninka dubban shekaru da suka wuce. Idan aka haɗa ta noma da ta daji kai tsaye, sai a sami tsiro mai 30, wanda da wuya ya yi 'ya'ya, kamar yadda alfadari ba ya haihuwa. Da aka gane haka, sai masana suka koma ninka kuromosom na dajin da sinadarin kolcisin kafin barbara. Ta irin wannan hanya aka ɗauko juriyar tsutsar saiwa daga wata gyaɗar daji, Arachis cardenasii, har aka fitar da irin gyaɗa mai suna COAN a jihar Texas ta Amurka a 1999. Ita kuwa ipaensis, abin lura, a wuri guda kaɗai aka taɓa samun ta a Bolibiya, kuma irin da aka ɗebo daga can shi ne ake ta bincike a kansa.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Tsirrai biyu kan yi kama sosai, har a ba su suna ɗaya, amma adadin kuromosom ɗinsu ya bambanta. Idan aka gauraya su wajen sake dasa daji, zuriyarsu kan fito ba ta da ƙwarin haihuwa. A ganina, nan ne ƙidayar ta fi taimakon mai kare daji.

Rumbun ma bai tsira ba. A wurare kamar rumbun iri na Svalbard a ƙasar Norway, da aka buɗe a 2008, ana ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, amma iri yana tsufa ko a cikin sanyi, kuma idan ƙarfin tsirowarsa ya ragu, karyewar kuromosom kan ƙaru. Shi ya sa rumbunan da ke aika iri can suke gwada nasu lokaci-lokaci, su sake shuka shi don samun sabo.