Shin in sayi font mai haruffan ado, ko wanda nake da shi ya isa?

Tambaya: Malam, ina da ɗan shagon zane da buga katin biki, sitika da bana (banner) a Kano. Maƙwabcina yana yin katin da sunan amarya ke fitowa da jela da lanƙwasa kamar an rubuta da hannu, mutane kuma suna biyansa fiye da ni. An ce sai na sayi font, wato salon haruffan rubutu na kwamfuta, na kuɗi a intanet. In saya, ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka fitar da ko sisi tukuna. Akwai yiwuwar kayan da maƙwabcinka ke aiki da su suna kwance a cikin kwamfutarka, ba ka taɓa buɗe ƙofarsu ba ne kawai.

Yawancin font na zamani an gina su a kan tsarin OpenType, wanda Microsoft da Adobe suka haɗu suka fito da shi a 1996. A wannan tsari harafi ɗaya yana iya samun siffa uku, biyar ko fiye, amma siffa ɗaya kawai madannan kwamfuta suke nuna maka. Sauran sai ka bi su. Idan manhajar zane ta CorelDRAW kake amfani da ita, daga sigar X6 zuwa sama, ka zaɓi harafin, wata 'yar kibiya za ta fito a ƙasansa. Ka danna ta ka ga 'yan'uwansa. A manhajar Illustrator kuwa akwai akwatin Glyphs, mai nuna duk siffofin haruffan. Ko Word ma tun na 2010 yana yi: rubuta sunan amarya da Gabriola, wanda ya zo tare da Windows 7, danna Ctrl+D, shiga Advanced, ka riƙa sauya lambar Stylistic sets. Za ka ga jelar haruffan tana ta miƙewa har ta kusa cika shafi.

To, ina kuɗin yake? Ɗauki katin Hadiza da Haruna. Idan H biyun nan suka fito iri ɗaya, ido ya san na'ura ce ta buga. Ka ba ta amarya jela ta hagu, ka bar ta ango a tsaye, ka ja wutsiyar a ta ƙarshe ta bi ƙarƙashin sunan. Aikin minti biyar ne, amma uwar amarya za ta ce an zauna an yi musu nasu. Shi za ka sa wa farashi. Ka buga samfuri biyu na kati ɗaya ka ajiye a kan tebur, na gama-gari da na musamman, kowanne da kuɗinsa, ka bar kwastoma ya zaɓa da idonsa. Sai dai ka yi hattara da zarmewa: adon ya tsaya a suna da kanun kati. Na sha ganin katin da aka yi wa adireshi da lokacin ɗaurin aure jela har mutum ya kasa gane ƙarfe nawa ne.

Idan ka gwada wannan ka ga kasuwa ta karɓa, sannan a yi maganar saye. Kafin ka biya, ka shiga wurin gwaji na shafin mai sayarwa ka rubuta Ɗaurin Aure, Manyan Baƙi, ɓangare, da 'ya'ya yadda 'yan Nijar ke rubuta shi, ƴaƴa. Masu ƙera font ɗin ado da yawa ba su san da haruffanmu masu ƙugiya ba, sai ka ga akwati ya fito a gurbin Ɗ. Abin da masu shago suka saba yi shi ne su cire ƙugiyar su wuce, sai a wayi gari an gayyaci Manyan Baki zuwa walima. Kada kuma ka aro Ɗ daga wani font ka liƙa, kaurinsa zai bambanta, kowa zai gani. In font ɗin ya burge ka sosai, ka mayar da rubutun ya zama zane da Ctrl+Q a CorelDRAW, ka ɗauko lanƙwasar wani harafi na cikinsa ka ƙera ƙugiyar, ka adana ta don gaba. Ƙananan rubutun cikin kati kuwa, Andika, Charis da Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da Noto na Google, duk suna da haruffan Hausa cikakku, kuma kyauta ne.

Sai lasisi. Font da yawa da ake saukewa kyauta an rubuta cewa don amfanin kai ne kawai, ba don sana'a ba. A katin unguwa wataƙila ba wanda zai tambaye ka, amma ranar da kamfanin ruwan leda ko wata makaranta ta ba ka aikin tambari, rigimar tana iya biyo ka har shago. Na Google Fonts akasarinsu suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a yi kasuwanci da su, abin da ya hana shi ne ka sayar da font ɗin kansa.

Lissafin saye kuma mai sauƙi ne. A ce ya ci maka naira 30,000, kana ƙara 1,500 a kan kowane aikin musamman. Aiki 20 ya dawo maka da kuɗinka. In kana samun irin wannan aiki biyar a mako, wata ɗaya ke nan, ka saya. In kuwa sau biyu a wata yake zuwa, ka ci gaba da na kyauta har lokacin bukukuwan bayan Sallah. Guda ɗaya mai kyau ya ishe ka farawa, kada ka bi tallan ɗari a kuɗin ɗaya.

Kuma duk sanda za ka kai aiki wurin mai injin buga bana, ka mayar da rubutun zane kafin ka sa a filashi. In babu font ɗinka a kwamfutarsa, jelar da ka ɓata lokaci a kanta za ta ɓace, kuma kai kwastoma zai riƙe, ba mai injin ba.