Hoton shuka na talla: gyara tun daga ɗauka

Hajiya, kin ce kina sayar da na'ana da rihan (ɗoɗɗoya) da furanni a tukwane a Jidda, kuma duk lokacin da kika cire bayan hoto sai gefen ganyen ya guntule. Matsalar daga wajen ɗauka take.

Bambancin launi yana taimaka wa manhaja wajen raba shuka da bayanta. In kika ajiye koren ganye gaban wasu shuke-shuke ko darduma mai zane, dole ta rikice. Ki sami farin bango ko farin kwali, ki matso da tukunyar kamar taku biyu daga jikinsa don kada inuwa ta manne. Ranar Jidda da tsaka tana ƙona hoto, ganye ya yi ta ƙyalli. Ki ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa. Ki goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ki kashe fanka, domin ganye mai motsi ba ya fita sarai.

Wajen cirewa, manhajar Photoroom ko shafin remove.bg sun isa. In iPhone XS ko XR ko wadda ta biyo bayansu gare ki, mai iOS 16 zuwa sama, danna shukar a cikin hoton ki riƙe, za ta ɗago. Ki adana hoton da nau'in fayil na PNG, domin nau'in JPG ba ya riƙe bayan da babu komai.

Don Allah kada ki ƙara wa koren launi. Wanda ya gani a Haraj (shafin saye da sayarwa na Saudiyya) ko Instagram, abin da ya gani yake jira a kawo masa, kuma amanarki ta fi hoton daraja. Allah ya sa albarka a kasuwa.