Amsa ga Hajiya kan zagin da aka rubuta wa yaronta a ƙofar ɗaki

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari muryar da kika turo, cewa an rubuta wa yaronmu zagin wariyar launin fata a ƙofar ɗakinsa a jami'arsu can Amurka, ya kai ƙara, kuma har yau ba abin da ya gani sai saƙon jaje. Abin da ciwo wallahi, Allah ya ba shi haƙuri. Zan amsa a nan ne saboda da yawa cikinmu suna da 'ya'ya a can.

Ki fara tambayarsa, wane ofis ya kai ƙarar? Domin da yawa daga cikin jami'o'in nan hanya biyu gare su. Akwai kwamitin da suke kira Bias Response Team, wanda ake cike wa fom a intanet. Su aikinsu lallashi ne. Za su kira shi, su saurare shi, su haɗa shi da mai ba da shawara, wataƙila su shirya taron faɗakarwa a gidan kwanan. Amma yawancinsu ba su da ikon hukunta kowa. Yara da yawa a nan suke tsayawa, suna zaton bincike ake yi, alhali ba a ma buɗe fayil ba. Hanya ta biyu ita ce ofishin ɗa'ar ɗalibai, ko ofishin da ke kula da Title VI, wato sashe na shida na dokar 'yancin jama'a ta 1964, wanda ya haramta wariya kan launi ko ƙasar asali a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Baƙon ɗalibi ma dokar ta shafe shi. Can zai rubuta a fili cewa ƙara yake shigarwa a hukumance, yana neman bincike.

To me zai rubuta? Rana, lokaci, lambar ɗaki, da kalmomin kamar yadda aka rubuta su, kada kunya ta sa ya sakaya. Hoto, in ya ɗauka kafin masu shara su goge. Sunayen waɗanda suka gani. Sannan, wannan ku riƙe shi da kyau, ya nemi a adana hoton kyamarar tsaro da bayanan katin shiga gidan na wannan daren. Na'urorin nan suna goge tsohon hoto da kansu bayan wani lokaci, kuma a nan ne ƙararraki da yawa ke mutuwa, a ce ba a gano wanda ya yi ba. Ya karɓi lambar ƙara da sunan mai bincike. Duk zaman da aka yi da shi, da ya fito ya tura imel yana maimaita abin da aka faɗa. Ya kai wa 'yan sandan jami'a ma, domin ɓata ƙofa da tsoratarwa saboda launi suna cikin laifukan ƙiyayya da dokar Clery ta 1990 ta tilasta wa makarantu ƙidayawa duk shekara.

Ba sai an gama bincike ba zai iya neman sauyin ɗaki, ko a hana wanda ake zargi kusantarsa, ko ƙarin lokacin jarrabawa.

Me ya sa jami'o'in suke jan ƙafa? Wani ɓangaren tsoron ɓacin suna ne, ba na musu. Amma akwai doka. Jami'ar gwamnati ba ta iya hukunta mutum kan magana kawai, saboda 'yancin faɗin albarkacin baki, har kotu ta soke ƙa'idar Jami'ar Michigan ta hukunta ɗalibai kan kalaman wariya a 1989. Shi ya sa zai nuna cewa shi aka nufa, a inda yake kwana, kuma abin ya taɓa karatunsa. In an taɓa yi masa a baya, ya haɗa duka.

Kuma Hajiya, in kin kira su ba za su gaya miki komai ba, dokar sirrin ɗalibai ta 1974 ce, sai yaron ya sa hannu ya ba ki izini. Shi kansa ba lallai su gaya masa irin hukuncin da aka yanke ba.

In sun yi biris, akwai OCR, ofishin kare 'yancin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ta tarayya, amma sai an kai ƙara cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru. In a jihar Texas yake, a can an rufe ofisoshin kula da daidaito tsakanin ɗalibai mabambanta launi da asali a jami'o'in gwamnati tun Janairun 2024, sai dai Title VI na nan daram, nemo sabon ofishin kawai za a yi.

Wani zai ce a yi zanga-zanga. E, a Jami'ar Missouri a 2015 yajin cin abinci da ƙauracewar 'yan ƙwallo kan wariyar launi sun sa shugaban jami'a Tim Wolfe ya yi murabus. Amma yaronmu da biza yake zaune. Kada ya rama da hannu, kada ya daina shiga aji, kada ya ajiye wani kwas sai ya ga jami'in ɗaliban ƙasashen waje tukuna, domin in darussansa suka gaza adadin da ake buƙata, bizar ce za ta shiga matsala. Ki tura masa wannan muryar yau, maganar kyamarar nan ba ta jira.