Me Ya Haɗa Hayaniya da Ganin Fitilar Gargaɗi?

Tambaya: Malam, aikina shi ne sa ido a kan allon da fitilun gargaɗi na injuna suke kamawa. Na lura idan rugugin injuna ya yi yawa, wata fitilar takan kama ban ankara ba sai daga baya, alhali likita ya gwada idona ya ce lafiya lau yake. Me ya haɗa kunne da gani?

Amsa: Likitanka ya faɗi gaskiya, kai ma abin da ka lura da shi gaskiya ne. Ƙara ba ta rage ƙarfin ido, hasken fitilar yana shiga idonka kamar kullum, amma ankara da cewa wani abu ya sauya a kan allo aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma hankalin da take rabawa tsakanin ido da kunne yana da iyaka.

Masana sun fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka ga masu lura da rada, na'urar hango jiragen sama da na ruwa daga nesa, suna barin alamu suna wuce su. Norman Mackworth, a binciken da ya wallafa a Ingila a 1948, ya zaunar da mutane awa biyu gaban wani agogo da hannunsa ke tafiya taku ɗaya-ɗaya, sai jefi-jefi ya yi tsallen taku biyu, aikinsu kuwa shi ne su kama wannan tsalle. Bayan rabin awa na farko kamun nasu ya ragu ƙwarai, ko da babu wata hayaniya. Daga baya Donald Broadbent, a Kambirij ta Ingila, ya haɗa ƙara mai ƙarfi da irin wannan aiki, ya ga mutum yakan yi 'yar ɓacewar hankali ta ɗan lokaci, wadda ya kwatanta da ƙiftawar ido, sai dai a cikin kai take faruwa. Alamar da ta zo daidai wannan lokacin sai ta wuce salin-alin.

Binciken da ya fi kusa da halin da kake ciki shi ne na Robert Hockey a 1970. Ya ba mutane aiki a tsakiyar gabansu, ya kuma jera fitilu daga tsakiya har zuwa gefe dama da hagu, sannan ya gwada su cikin ƙara mai sauƙi da kuma mai tsanani, wajen desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Da ƙarar ta tsananta, aikin tsakiya bai lalace ba, fitilun tsakiya ma an fi kama su, amma na gefe, waɗanda ake hangowa da wutsiyar ido, su ne suka riƙa kuɓucewa. Wato hayaniya tana tattara hankali ta ƙuntata shi a inda mutum yake sa ran ganin abu, ta bar sauran wurare babu mai tsaro. Da za ka duba fitilun da suka sha wuce ka, ina kyautata zaton mafi yawansu a bakin allo suke, ko kuma waɗanda ba su cika kamawa ba ne.

Irin ƙarar ma tana da tasiri, a ganina har fiye da ƙarfinta. Gunjin inji mai tafiya bai ɗaya ƙwaƙwalwa tana sabawa da shi, amma ƙarar ba-zata, kamar faɗuwar ƙarfe, tana fizge hankali ko mutum bai so ba, haka kuma maganar mutane, domin kunne ba ya iya ƙin sauraren abin da ke da ma'ana. Shi ya sa direba ke rage rediyo idan yana neman allon hanya.

Akwai kuma gefen da ke ba mutane mamaki. Masu bincike a birnin Montreal na Kanada sun ruwaito a 2008 cewa ƙarar "shuu", irin ta rediyon da bai kama tasha ba, mai matsakaicin ƙarfi a kunne, yana iya taimaka wa mutum ya hango alama mai dishi-dishi, sai dai da zarar an wuce ƙima amfanin ya gushe. Wannan sakamakon ɗakin gwaji ne, ƙarami kuma, bai zama hujjar a ƙyale ma'aikaci cikin rugugi ba.

Shawarata ita ce ka nemi a dawo da fitilun da suka fi haɗari tsakiyar allo, a sa su riƙa walƙiya maimakon su tsaya cak, a kuma haɗa su da ƙararrawa mai tashi lokaci guda da hasken, domin sauti da haske idan suka zo tare an fi saurin kama su. Ka saba wa kanka zagaya allon da ido daga gefe zuwa gefe da gangan, a kuma riƙa karɓar juna ko a huta kaɗan kusan duk rabin awa. Idan ƙarar wurin ta kai desibel 85 tsawon awa 8 na aiki, abin toshe kunne ya zama dole, amma a gwada a tabbatar kana jin ƙararrawar gargaɗin alhali kana sanye da shi.