Kaina na kaɗawa a kan moto in na wuce 90, in sa a yi mini dogon gilashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida. A Yamai nake aiki, iyalina suna Tawa, kusan kowane wata ina bin hanyar Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni a kan Suzuki V-Strom 650 da na saya na hannu. Da zarar na wuce kilomita 90, sai hular kwanona ta fara kaɗawa kamar ana marina dama da hagu, har rubutun allon hanya ya rabu mini biyu. Ina isa gida da ciwon wuya, kunne na ta ƙugi har kashegari. Na fara tsoron ko jijiyar wuya ce ta taɓu. Wani mai walda ya ce in kawo jika 15 ya yanka mini gilashin gaban moto da zai rufe ni har saman kai, iska ba za ta ƙara taɓa ni ba. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ciwon wuyan da ke tafiya bayan kwana ɗaya ko biyu gajiya ce ta wanda ya yi kilomita ɗari biyar da ɗoriya yana dambe da iska. In ya ƙi tafiya, ko yatsu suka fara mutuwa, wannan na likita ne, ba nawa ba.

Ƙarfin iska ba shi ke wahalar da kai ba. Wanda ke kan Haojue marar gilashi iska na dukan ƙirjinsa, amma kansa ba ya kaɗawa, don a miƙe take zuwa masa. Kai gilashin gabanka yana raba iskar, ta haura, ta kai baki ta karye, ta dinga murɗawa tana neman cike ramin da ya buɗe a bayan gilashin. A daidai bakin ramin nan kanka yake zaune. Tsoffin V-Strom sun yi suna da wannan hali, ba motonka kaɗai ba ne.

Ka fita da sassafe inda titi ya miƙe kuma babu motoci, ka riƙe gudun da abin ke farawa. Ɗan miƙe zaune kamar yatsu huɗu. In kaɗawar ta ɗauke, sai shuuu kawai kake ji, to gilashin ya yi maka tsawo, a sauke shi. In sai ka duƙa take ɗaukewa, a ɗaga shi kaɗan. Bayan haka ka ɗora tafin hannun hagu a gefen tanki, ka kai shi gaban ƙirji, ka ji inda sautin ya canja. Sau da yawa daga ƙasa iskar ke hawowa, ta gefen ƙafafun gaba. Gilashin motonka yana da ramukan noti da ake matsar da shi sama ko ƙasa. Canja abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na biyu. Madubai ma a juya su a gani, suna jefo iska a wuya fiye da yadda mutum zai zata.

Yanzu maganar mai walda, kuma ka yi haƙuri in na ja ta, don mako ba ya wucewa ban ji ta a bakin gareji ba. Wai in gilashi ya yi tsawo, iska ta mutu. Ina za ta je? Ƙofa ka ɗaura a gaban moto, kuma ramin da ke bayan ƙofa ya fi na bayan taga girma. Iskar da ta haura sai ta zagayo ta dinga tunkuɗa ka ta ƙeya, wanda ka goyo kuma shi ke shan sauran. Wannan ma da sauƙi. A hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, wato tun daga Dosso kana fuskantarta, in ka karya arewa a Tsarnawa, gaba da Ƙonni, kuma ta koma kafaɗar dama. Faffaɗan allon gilashi a irin wannan iska faifai ne a hannun yaro. Tirela ta gifta, ta tare maka iskar na daƙiƙa ɗaya, ta sake ta, kai da moto ku tsinci kanku a tsakiyar titi ko a cikin yashi. Ƙananan motocin da ake ɗaure wa allon a jikin kan moto sun fi shiga uku, don duk bugun da iska ta yi, kai tsaye tayar gaba ke karɓa.

Bara aka kawo mini wani moto a bayan a-kori-kura, mai shi da hannu rataye a wuya, ƙashin kafaɗa ya karye. Na tsaya ina duban allon. Irin robar da ake rufin rumfa ce, an huda ta da ƙusa mai zafi, an ɗaure da notuna huɗu ba ko ɗan roba a tsakani, kowane rami ya tsage kamar ƙafar kaza. Fuskarta ta yi fari fat, don da bakin rawani yake goge ƙura a bushe. Na durƙusa na leƙa ta ciki, yaron shagona yana tsaye taku goma, ban iya gane fuskarsa ba. Ta cikin wannan mutum yake kallon hanya da magariba, fitilar bas na haska shi, awaki na tsallakawa! Da na tambaye shi, cewa ya yi ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Ni ba gaba nake da masu walda ba, su ke gyara mini ƙafar moto da kariya. Sai dai wanda bai taɓa wuce 60 a cikin gari ba, bai kamata ya yanka wa matafiyi gilashi da ido ba. Na kamfani, irin su Givi, Puig ko MRA, a lanƙwashe yake, kuma da gangan ake barin hanya a ƙasansa don iska ta shiga ta cike ramin nan. Sai ka ga mutum ya sa tsumma ya toshe hanyar, wai iska na shigowa. Ai shigowar ita ce maganin. Ƙa'idar tsawo kuwa ɗaya ce: in ka zauna yadda ka saba, bakin gilashi ya tsaya wajen hanci ko ƙasa da haka, ka dinga kallon titi ta samansa, ba ta cikinsa ba.

In za ka kashe jika 15 ɗin, ka nemi ɗan fiffiken da ake maƙalawa a bakin gilashi, mai juyawa. Shi ke ɗaga iskar ta wuce saman hula. Hular kuma ta kama kai sosai, a ja igiyarta. In mai baki ce a goshi, irin ta masu shiga daji, kwance bakin kafin doguwar tafiya. Babbar riga a naɗe ta a jaka, a sa wadda ta kama jiki.

Gudu ma yana da nasa lissafi. Daga 80 zuwa 110, bugun iska ya kusa ninkawa biyu, don haka ranar da hazo ya taso ka sauko, Tawa ba ta gudu.

Ƙugin kunnen nan kada ka raina shi. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, iyakar da ake bi a wuraren aiki kuwa desibel 85 ce na awa 8, ƙarar iska a cikin hula a gudun 100 kuma tana wuce desibel 90. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ƴan toshe-kunne na soso sun wadatar, kuma za ka ci gaba da jin odar mota.

Duk abin da na faɗa na kan da ke kaɗawa ne. In kan moton da kansa ke rawa a hannunka, ka bar batun gilashi, ka auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ka rage kayan da ka jibga a akwatin baya, ka sa bakanike ya ɗaga gaban ya duba boris ɗin wuya kafin ka sake kama hanyar Ƙonni.